Wannan ƙwaron ba faɗa-wuta ba ne

Mutane da yawa in sun ga ɗan ƙwaron nan mai kaurin jiki, mai gashi-gashi, launin ƙasa, yana zillo a kan ciyawa, sai su ce faɗa-wuta ne, irin wanda ke zagaya fitila da dare. A'a, malam-buɗe-littafi ne sosai, daga dangin da masana ke kira Hesperiidae, mai nau'o'i sama da 3,500.

Ka matsa kusa ka dubi 'yan ƙahonnin kansa. Ƙarshensu yana da kauri, sannan ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Kuma da rana tsaka yake yawonsa. Zamansa ma abin kallo ne: mafi yawan 'yan reshen Hesperiinae, waɗanda tsutsotsinsu ke cin ciyawa, kan shimfiɗa fukafukan baya, na gaba kuma su ɗaga su a karkace. Manomin shinkafa ya san aikin ɗayansu, Pelopidas mathias, domin tsutsarsa ce ke naɗe ganye da zare ta ɓuya a ciki tana ci.

Ban ga laifin masu ruɗewa ba. Su kansu masana sun daɗe suna ware dangin gefe guda, sai binciken ƙwayoyin gado ya mayar da shi cikin sauran malam-buɗe-littafi. A Ostireliya ma akwai Euschemon rafflesia, shi kaɗai a reshensa, wanda namijinsa ke da ɗan tsinken da ke haɗa fiffiken gaba da na baya, irin na faɗa-wuta.