Daɓen epoksi a Garwa: rabin aikin muka ɗauko

Yanzu duk wanda ya gina gida a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, daɓe mai ƙyalli yake so, irin na bidiyon da ke yawo a TikTok, ana kwarara epoksi, wani fenti mai kauri da ke daskarewa, a kan siminti ya kwanta kamar madubi. Ni da nake zaune a Kanada, inda wannan aiki ya daɗe a gareji da shaguna, abin yana damuna, domin ƙyallin kawai muka kwaikwayo.

A nan sanyi ne ke cin siminti. Ruwa ya shiga ƙananan ƙofofinsa, ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, sai fuskar daɓen ta fara ɓarewa. Ga gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara. Shi ya sa a daɓen da ba rufi suka fi shafa maganin da ke nitsewa cikin siminti ya hana shi shan ruwa, wanda ba ya ko ƙyalli. Epoksi na ƙarƙashin rufi ne, don rana tana mai da shi rawaya.

To mu da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, sai ka ga an zuba shi a baranda, har a tsakar gida. Yashin da takalmi ke kwasowa yana karce shi kullum. Mafi muni shi ne damina. Yawancin daɓenmu ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashi kafin a zuba kankare, don haka laima tana tasowa daga ƙasa, ta tarar an rufe mata hanya, sai ta tura fentin ya yi ƙuraje ya ɗaye. Mai gida ya zagi siminti, alhali simintinmu na masana'antar Figil ba shi da laifin komai.

Abin da ya fi burge ni a wurin ma'aikatan Kanada shi ne haƙuri. Ba sa taɓa sabon daɓe sai ya yi aƙalla kwana 28. Suna manna leda a ƙasa ta kwana, da safe in an ga raɓa a cikinta an fasa aikin. Suna goge fuskar simintin da inji ta yi kaushi don fentin ya kama. A wajenmu kuwa an sa ranar tarewa, dangi sun matsa, magini yana jiran cikon kuɗinsa, sai a shafa a kan siminti ɗanye da ƙurar hunturu. Zafi ma yana sa epoksi saurin daskarewa a bokiti, ga simintin da ke ɗaukar zafi yana fitar da iska. Gara a kwaɓa kaɗan kaɗan, a shafa da la'asar sakaliya.

Kuma ba baƙon ilimi ba ne. Kakanninmu mata da suke daɓe da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, daga ɓawon ɗorawa, sun san ƙasa sai an shirya ta, sun kuma san ana sabuntawa. Mu ne muka ɗauka abin kanti sau ɗaya ake yinsa. Daɓen da aka shafa wa akirilik, wani fentin kare siminti, yakan so ƙari bayan shekara 2 zuwa 3, a ranarmu ma ƙila bai kai ba. Ɗiga ruwa ka gani: in ya tsaya ƙwaya ƙwaya da saura, in simintin ya yi duhu lokaci ya yi.

Ga wanda ya tambaye ni, tsakar gida a bar mata jan garin nan da ake haɗawa da siminti, a bi da maganin nitsewa. A wurin alwala kuma, don Allah a barbaɗa yashi mai laushi a shafin ƙarshe, domin iyayenmu tsofaffi ne ke fara zamewa.