Alƙiblar tafiyar ce ba a faɗa ba

Na karanta wani labari, na kuma yarda da marubucinsa cewa lokacin sanyi ne ya fi daɗin hawa California Zephyr, jirgin ƙasan da ke tafiyar kusan kilomita 3,900 a Amurka, daga Chicago zuwa Emeryville da ke yamma, a jihar California, amma ya tsallake babban abu. A Disamba rana na faɗuwa a Denver, birnin da jirgin ke tsayawa a gindin duwatsun Rocky, tun kafin ƙarfe 5. Wanda ya nufi yamma, jirginsa na barin Denver da safe, ya hau duwatsun Rocky ido na ganin ido, ya ratsa ramin Moffat, hanyar da aka huda ta cikin dutse mai tsawon kusan kilomita 10, ya fito ya tarar dusar ƙanƙara ta danne rassan itatuwa har sun sunkuya. Mai komowa gabas kuwa, cikin duhu zai gangaro Denver. Hamadar Utah da Nevada ma yawancinta kana kwance a ɗakin barci za a wuce ta, sai da asuba ka ɗaga labule ka ga fili fetal. Wani ɗan'uwa ya ce gara jirgin sama, amma wanda ya biya kuɗin gado na sa'o'i 51 ai ba sauri yake yi ba. Me ya sa labarin bai gaya wa mutane wane ɓangare za su fara daga shi ba?