Kiran Allah bai tsaya a bagadi ba, yana bin mutum har shago

'Yan'uwa ku yi haƙuri, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, amma maganar ta daɗe tana ci mini rai. Yadda muke koya wa matasanmu zancen kira a ikilisiyoyinmu na nan Jos akwai gyara a ciki. Da zarar yaro ya taso da zafin bin Ubangiji, yana zuwa addu'ar safe, yana cikin mawaƙan coci, ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya yi bayani, sai kowa ya fara ce masa kai fa Allah na kiranka, sai dai makarantar horar da fastoci, JETS ko TCNN Bukuru. To ba laifi, fastoci na gari muna bukatarsu ƙwarai, ni kaina ta hannun wani fasto na san Yesu. Amma yaron da hannunsa ya faɗa a gyaran mota fa? Yarinyar da tun tana ƙarama take zaune gefen mamarta a kasuwar Farin Gada, ta san farashin kwandon tumatir na safe da na yamma, ta iya lissafi a ka fiye da mai kalkuleta, wa ya taɓa ce mata Allah na kiranta? Ita ana ganin neman kuɗi kawai take yi, sai lokacin ginin coci ya zo a tuna da ita a aika mata ambulan.

Alhali Littafin bai ce haka ba. Ku duba Fitowa sura 31, Allah da bakinsa ya ce wa Musa ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, kuma ba don wa'azi ba, don aikin zinariya da azurfa da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Lidiya da ta buɗe wa Bulus gidanta a Filibi 'yar kasuwa ce, tufafin shunayya take sayarwa, kayan masu hali. Bulus ɗin kansa a Koranti tanti yake ɗinkawa tare da Akila da matarsa. Mutanen Nazarat kuwa da suka ga Yesu na koyarwa cewa suka yi, wannan ba kafintan nan ba ne? Ni sana'ata kenan kafinta, don haka duk ranar da na karanta Markus 6:3 sai in ji wani daɗi har cikin ƙashina, Ubangijina ya san ƙurar katako a hanci, ya san kwastoman da zai zo ya ce ƙafar teburin nan ɗaya ta fi sauran gajarta.

Masu tambaya ta yaya zan san kirana, gaskiya ba na jin sai ka yi mafarki ko ka ji murya da tsakar dare. Allah na iya yin hakan, amma yawancinmu ba ta nan ya biyo da mu ba. Na san matasa da suka gama bautar ƙasa suna zaune gida shekara da shekaru wai suna jiran Allah ya yi magana, alhali makwabta kullum gidansu suke kawo waya ko rediyo a gyara musu kyauta. Abin da hannunka ya iya ba tare da an tilasta maka ba, wannan magana ce. Abin da in ka ga an yi shi ba daidai ba ranka ke ɓaci har ka kasa wucewa, shi ma magana ce, ni in na shiga gidan mutum na ga ƙofa ta karkace hankalina ba ya kan hirar da ake yi sai na taɓa ta. Sannan ka saurari dattawan da suka san ka tun kana rarrafe, sukan ga abin da ba ka gani a jikinka. Sauran kuma sai ka fara, kan aiki ne abin ke bayyana, ba wanda ya gane kiransa yana kwance yana latsa waya.

Amma abin da ya sa ni wannan rubutu ba samun sana'ar ba ne, yadda muke riƙe ta ne bayan mun samu. Ka zaga Ahmadu Bello Way da Rwang Pam da Tudun Wada ka karanta allunan shaguna, sunan Allah ko'ina, Alherin Allah, Ikon Allah, Ebeneza, ga aya a manne jikin bango, ga waƙar yabo na tashi a sifika tun safe. Sai ka ja yarinyar da ke zaune kan POS gefe ka tambaye ta yaushe rabonta da albashi, sai ta sunkuyar da kai ta ce Madam ta ce kasuwa ba kyau. Madam ɗin nan kuwa ranar Lahadin godiya ita ce a gaba tana rawa da buhun shinkafa, ana kiran sunanta a lasifika. Wannan abu yana ƙona mini rai. Yaƙub 5:4 bai ɓoye komai ba, ya ce hakkin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kubawar Shari'a 24:15 ta ce ka biya talaka ladansa a ranar kafin rana ta faɗi, domin a kai ya sa ransa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin keke da na mudun masara suka koma, gwamnati ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, na san ƙaramin shago ba lallai ya iya biyan haka ba, amma ɗan abin da kuka yi alkawari ka ba ta ranar da kuka ce mana, kafin ka ɗauki baiko ka nufi coci.

Haka zancen yaran koyon aiki. Iyaye su kawo maka yaro su ce Oga ga amana, sai ya shekara biyu aikinsa ɗebo ruwa da kai 'ya'yanka makaranta da wanke mota, bai taɓa riƙe zarto ba, ka ɓoye masa sirrin aikin don kar ya ƙware ya ƙwace maka kwastomomi. In lokacin yaye shi ya yi kuma ka ƙirƙiro masa laifi. Wannan sata ce ta shekarun mutum, kuma shekaru ba a mayar da su.

Bari in faɗi ta cikin sana'armu tunda ita na sani. Katako ɗanye da busasshe in aka goge aka shafa fenti ba mai bambance su sai kafinta. Ɗanyen ya fi araha kuma ba sai ka jira ba. Amarya za ta zo da mamarta su zaɓi gado da kabad, su biya kuɗin da aka yi shekara ana tarawa a adashe, kaya su yi kyau ranar jere kowa na yabawa. Sai hunturun Jos ya shigo a Disamba, katakon ya fara bushewa a ɗakinta, ƙofar kabad ta murɗe ta ƙi rufuwa, durowa ta maƙale, gado ya fara ƙara. A lokacin kai ka ci kuɗinka ka manta. Ba hukumar da za ta kama ka, ba fasto da zai sani. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, kuma ni a ganina mudun da aka bubbuga gindinsa, da buhun dankalin da aka jera manya a sama aka cusa ƙanana da ruɓaɓɓu a tsakiya, da malainar da aka rina aka sayar da sunan maɗaci, duk uwarsu ɗaya. Tausayi a kasuwanci daga nan yake farawa, daga wurin da kwastoma ba ya iya gani.

Akwai wata doka a Littafin Firistoci 19:9-10 da nake ganin duk mai sana'a ya kamata ya zauna da ita. Allah ya ce in kana girbi kar ka girbe har gefen gona, kar ka koma kala, ka bar wa matalauci da baƙo. Ku lura bai ce ka girbe duka ka kai rumbu sannan ka kira talakawa su yi layi a ɗauke ku hoto ba. Ya ce ka bar musu wuri su shigo su yi aiki da hannunsu su tafi da mutuncinsu. Haka Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza, baƙuwa ce kuma mijinta ya mutu. To mene ne gefen gonar tela ko mai gidan burodi ko mai walda? Gurbin yaro ɗaya da zai koyi aiki ba a karɓi kuɗin koyo a hannunsa ba. Bayan hare-haren Mangu a 2023 da na Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023 ɗin, yara da yawa sun shigo gari suna raɓe gidajen dangi, gona ta gagara, makaranta ta tsaya. An kai musu shinkafa da barguna, Allah ya saka wa waɗanda suka kai, amma shinkafa tana ƙarewa.

A shagona akwai wani yaro kurma, kawunsa ya kawo shi yana ta ba ni haƙuri tun kafin in ce komai, wai an kai shi wurare an ƙi karɓa. Ku zo ku ga yaron nan yana guga. Yakan rufe ido ya bi fuskar katako da tafin hannu a hankali, inda ni da idona nake ganin ya yi sumul shi sai ya tsaya, ya ɗauki fensir ya zagaye wurin, ya sake bi da sanfefa. In injin yanka ya fara samun matsala shi ke fara sani don yana jin girgizar a ƙafarsa, sai ya zo ya ja ni da riga ya nuna. Ranar da ya fara karɓar kuɗin aikin hannunsa ya ninke su ya sa a aljihun gaba yana ta dafawa. Ba sadaka nake masa ba, aikinsa ne ke jawo mini masu oda.

Sai dai kar wani ya ji wannan ya ɗauka tausayi shi ne ka bar shago a buɗe kowa ya ɗiba. Shaguna nawa na masu bi suka rufe saboda bashin 'yan coci? Ɗan'uwa zai zo ya ce haba Baba ai mu ɗaya ne cikin Ubangiji, ƙarshen wata zan turo, wata ya ƙare wani ya kama, in kun haɗu a sujada ya canja layin fita. Ya ku masu cin bashin nan ku ji tsoron Allah, Zabura 37:21 cewa ta yi mugu ne ke cin bashi ya ƙi biya. Kai kuma mai shago ka sani in jarinka ya karye ba kai kaɗai ka faɗi ba, yaran da ke ci a ƙarƙashinka sun faɗi tare da kai. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta shiga da fita, ka raba kuɗin shago da na cefane, ka yanka wa kanka albashi, ka sa farashin da zai fitar da kuɗin haya da man janareto da ladan yara har ka samu riba, riba ba zunubi ba ce. Sannan ka ware abin da za ka iya bayarwa ka san na bayarwa ne, in gwauruwa ta zo neman benci biyu don ta fara sayar da kunu ka ba ta daga nan ka ce Mama ki je Allah ya sa albarka, kar ka rubuta mata bashin da kai da ita kun san ba za ta iya biya ba har ta riƙa ɓuya in ta hango ka. Bo'aza gefen gona ya bari, bai bar gonar duka ba, shi ya sa baɗi ma akwai abin kala.

Akwai kuma wadda ta fi wuyar faɗa a garin nan. Tun rikicin Satumba 2001, da na 2008 da 2010, Jos ta rabu, unguwa ta koma ta waɗannan ko ta waɗancan, babbar kasuwar Taminus da ke haɗa mu ta ƙone a 2002. Kusan kowane gida akwai wanda aka rasa, ba na raina ciwon kowa. Amma kasuwa na cikin 'yan wuraren da suka rage muna haɗuwa ido da ido. Ni a kasuwar Katako nake sayen kayan aiki, kuma Alhajin da nake saye a wurinsa yakan ba ni kaya in biya bayan na kai aiki, ba takarda ba shaida, in ya ga katakon bai gama bushewa ba sai ya ce maigida bar wannan, dawo mako mai zuwa. In tausayina ya tsaya kan 'yan ɗarikarmu da 'yan yarenmu kaɗai to me na fi kowa da shi? Basamariyen da Yesu ya ba da misali da shi bai tambayi mutumin da ke kwance a hanya inda yake sujada ba. Asibitin Jankwano ya daɗe yana yi wa mata masu yoyon fitsari aiki, suna zuwa daga jihohi masu nisa, ba a tambayar addininsu a ƙofa. Asibitin Faith Alive da Dokta Chris Isichei ya fara a 1996 haka yake karɓar kowa. In asibiti ya iya, shagon ɗinki ma zai iya. Kuma in ka ɗauki yaron da ba addininku ɗaya ba, kar ka mayar da aikin tarko, ka bar shi ya je sallarsa in lokaci ya yi, halinka ya gani.

Roƙona ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, Baba Rabaran don Allah ku riƙa leƙo mu a wurin aiki ba sai ranar buɗe sabon shago ba. Ku zo ranar Laraba da rana, ku zauna kan benci, ku tambayi yaran shago ko ana biyansu, ko ana koya musu aikin da gaske. Yadda ake kiran masu tafiya aikin bishara gaba a ɗora musu hannu, a kira telolinmu da makanikai da masu sayar da kayan miya a yi musu addu'a su ma. Zumuntar mata da ta matasa kuma kun san gidajen da 'yan gudun hijira ke zaune, kun san masu sana'ar da ke cikinku, ku rubuta sunaye ku haɗa su. Ni akwai gurbin yaro ɗaya a wurina daga watan gobe, na riga na gaya wa shugaban matasanmu.