Saurin jirgin Heathrow Express da tsadar tikitinsa

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow da akwati biyu da gajiyar sa'o'i shida a jikinsa, ba abin da yake so ya ji kamar a ce masa minti 15 kacal ya rage tsakaninsa da tsakiyar Landan. Wannan alkawari ne jirgin ƙasan Heathrow Express ke yi tun da aka buɗe shi a 1998, kuma yana cikawa. Jirgi na tashi duk bayan minti 15, ya ajiye ka a tashar Paddington kafin ka gama kiran gida ka ce ka sauka lafiya.

Tun ƙarshen 2020 samfurin Class 387 ne ke wannan jigila, ƙirar kamfanin Bombardier, bayan an yi ritayar tsofaffin Class 332. Ba shi da kan jirgi mai jan taragu irin wanda muka saba gani. Injinan suna ƙarƙashin taragun ne, wani hannun ƙarfe kuma da ke bisa rufi yana goga waya yana shan lantarki. Shi ya sa yake ɗaukar gudu nan da nan, har ya kai kilomita 177 a awa. Idan ya taka birki, injinan nan su koma samar da wuta su mayar da ita cikin waya. Gaba da baya duk akwai mazaunin direba, don haka ba a juya shi a tasha. Direba ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, shi ke nan. A layin da ke bi ta ramin ƙarƙashin filin jirgi, inda hayaƙin dizal ba shi da mafita, wannan ƙira ta dace ƙwarai.

Ban da ta cewa game da jirgin. Tikitin ne ke damuna. Fam 25 zuwa kawai a 2024, ga wanda bai saya da wuri ba. Ɗan kasuwar da kamfaninsa ke biya masa ko a jikinsa. To, mai sharar da ke kama aiki da asuba fa, ko ɗalibin da ke lissafin kowane kwabo? Heathrow na da dubun-dubatar ma'aikata, kuma su ne ke wannan zirga-zirga kullum, matafiyi kuwa watakila sau biyu a shekara.

Da aka buɗe layin Elizabeth, wani layin jirgin ƙasa da shi ma ke zuwa Heathrow, a 2022, sai fasinjoji suka nuna inda zuciyarsu take. Jirginsa na tsayawa a tashoshi da dama, yana ɗaukar kusan rabin awa zuwa Paddington, amma kuɗinsa ya yi ƙasa sosai, kuma yana ratsa birnin har gabas ba sai ka sauka ka ja akwati kana neman wani jirgin ba. Ga mutane da yawa, ƙarin minti 15 bai kai wahalar sauyin jirgi da kaya niƙi-niƙi ba.

Masu kare tsadar suna da hujja: ba da kuɗin gwamnati aka gina layin ba, kamfanin filin jirgin ne ya zuba jari, dole ya mayar da kuɗinsa. Na yarda. Sai dai hanyar shiga babban filin jirgin saman ƙasar bai kamata a auna ta da ma'aunin riba kaɗai ba, domin duk wanda tikiti ya kora, mota zai koma ya ƙara cunkoso.

Mu ma muna da namu. Jirgin ƙasan Abuja da ke zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024, kuma da dizal yake tafiya. Ina fatan ganin ranar da za a sa masa lantarki. Kafin nan, abin da nake so hukuma ta tabbatar shi ne ma'aikacin da ke zaune a Kubwa zai iya dogara da shi ya isa aiki a kan lokaci, da kuɗin da albashinsa zai ɗauka har ƙarshen wata.