Wanda ya ce ku jefar da maganin likita ku sha guggul, ya nuna mana takardar gwajin jini

Na ga bidiyon, domin kun yi ta turo mini shi har na gaji. Mutumin da ke cikinsa ya ɗaga kwalbar guggul, ya ce sirrin Indiya ne na shekaru dubbai, ya umarci masu yawan kolesterol su daina shan ƙwayoyin asibiti, sannan ya kawo shaidu uku da kowannensu ya ce jikinsa ya yi sakayau. Madalla da sakayau. Matsalar ita ce kitsen da ke cikin jini ba ya ciwo kuma ba ya sa kasala, yana taruwa ne a bangon jijiyoyi shiru har ranar da zuciya za ta buga ko ɓarin jiki ya shanye, saboda haka "na ji sauƙi" ba shaida ba ce a wannan cuta. Shaida ɗaya ce kawai, wato gwajin jini kafin a fara shan magani da kuma bayan an sha.

Ba na raina Ayurveda, wato ilimin maganin gargajiya na Indiya, kuma guggul ba ƙagaggen abu ba ne. Ƙaro ne da ake tatsa daga wata bishiya mai ƙaya da ke fitowa a busassun yankunan Rajasthan da Gujarat, 'yar uwar dashin da muke da shi a nan. A shekarun 1960 wata mai bincike, G. V. Satyavati, ta yi nazarinsa a Jami'ar Banaras bayan ta ga bayaninsa a tsohon littafin magani na Sushruta, daga baya kuma Indiya ta amince a sayar da shi a matsayin maganin rage kitsen jini. Wannan duk gaskiya ne, kuma a nan masu talla suke tsayawa. Ba sa faɗin cewa a wani bincike da aka wallafa a 2003 an gwada shi a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a kan mutum 103 na tsawon mako takwas, aka tarar mugun kolesterol ɗin ya ƙaru da kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a jikin waɗanda suka sha shi, wasu ma ƙuraje suka feso musu. Yadda aka gano haka kuwa, jini aka ɗiba aka auna, ba a tambayi kowa yadda yake ji ba.

Za a ce mini ai na gargajiya ne, ko bai yi amfani ba ba zai cutar ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004, masu bincike sun sayi magungunan Ayurveda iri 70 a shagunan birnin Boston, suka samu dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14. Wani reshe na wannan ilimi da gangan yake haɗa ƙarafa a magani. Za a kuma ce Turawa ne ke ɓata sunan maganin Indiya don nasu ya samu kasuwa. To, Kotun Ƙolin Indiya ce da kanta ta tilasta wa kamfanin Patanjali mai yin magungunan Ayurveda ya nemi afuwa a jaridu a 2024 saboda tallace-tallacen yaudara, kuma ƙwayar atorvastatin ta rage kolesterol da ake cewa ku jefar, ku duba kwalinta, sau da yawa a Indiya aka yi ta.

Maganata ta gaskiya ga 'yan uwa masu wannan lalura ita ce akwai abin amfani a cikin abin da Indiyawa ke ci. Ɓawon isabgol, wato ƙwayar wani tsiro da ake nomawa a Indiya, yana kama ruwan ɗaci a cikin hanji ya fita da shi, sai hanta ta janyo kolesterol daga jini domin ta sake yin wani, kuma an auna an ga yana rage shi kaɗan. Hulba da tafarnuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu. Amma raguwar kaɗan ce, ba ta kai ta maye gurbin maganin da aka rubuta wa mai ciwon sukari ko wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa ba. Wanda yake son gwadawa ya gaya wa likitansa, musamman da yake guggul yana rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini irin su propranolol, sannan ya koma gwajin jini bayan 'yan watanni ya ga abin da lambobin suka nuna.

Ita kanta bishiyar ma tana cikin wahala. An tatse ta fiye da kima har ta shiga jerin itatuwan da ke dab da ƙarewa, Indiya kuma tana shigo da ƙaron daga ƙasashen maƙwabta. Ina mamakin inda mai bidiyon ya samo isasshen guggul na asali da zai cika kwalaben da yake aikawa kowace jiha a kan farashin da yake sayarwa.