Gorar zoɓo da kwalaben maƙwabcina

A watan Yulin da ya wuce, mazauna benen da muke haya a birnin Bamberg na ƙasar Jamus suka shirya zaman cin abinci a tsakar gida, kowa ya kawo abin da ya iya. Uwargida ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, muka ɗura a gorunan ruwa guda shida da muka wanke, kamar yadda kowa yake yi a gida. Maƙwabcinmu na ƙasa, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gyaran injuna, ya ɗauki gora ɗaya, ya matsa ta da yatsu har ta yi ƙara, ya nuna mini alamar da ke jikinta, sannan ya ce wannan gora ce ta amfani sau ɗaya, ba a sake zuba abin sha a cikinta. Ya ajiye bai sha ba. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, amma maganar ta sosa mini rai, musamman da na ga uwargida ta sunkuyar da kai.

Washegari ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya ce in zo in ga abin da yake nufi. Ashe a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa yake haɗa giyarsa da kansa. Ya san ba na sha, ni kuma haƙƙin maƙwabtaka ne ya sa na bi shi. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya haɗa giya a gida don shansa, kuma daga farkon 2025 adadin da ba a biya wa haraji ya tashi daga lita 200 zuwa lita 500 a shekara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan rabin ɗakin kwalabe ne, an jera su a akwatuna, ashirin-ashirin, kowace mai cin rabin lita, dukkansu launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Ya ce ba ya amfani da fara ko koriya, domin hasken rana yana ratsa su ya taɓa sinadarin furen nan mai ɗaci da suke kira Hopfen, sai giyar ta yi wani wari mara daɗi. Wannan fure yana cikin abubuwa uku da dokar yankin Bavariya na Jamus ta 1516 ta yarda a sa a giya, sauran biyun su ne ruwa da sha'ir.

Ya ɗauko wata kwalba mai murfin tangaran da aka ɗaure da waya, irin wanda ake dannawa da babban yatsa ya buɗe. A bakin murfin akwai jar roba zagayayya, wadda yake cirewa ya duba, idan ta tsage ko ta bushe ya canza ta. Dalilin duk wannan shi ne iska. Kafin ya rufe kwalba yana ƙara sukari kaɗan da ya auna a ma'auni, yistin da ya rage a ciki ya ci sukarin ya fitar da iskar da ke sa kumfa, kuma idan sukarin ya yi yawa ko kwalbar ba ta da kauri, fashewa take yi ta watsa gilashi ko'ina. Saboda haka kowace kwalba sai ya ɗaga ta a gaban fitila ya nemi tsaga, ya wanke cikinta da dogon burushi, ya kashe ƙwayoyin cuta da magani, ya kife ta ta tsane.

Na yarda cewa wannan tsafta abin koyi ce, kuma na yarda cewa gorar da aka tsinto daga bola, wadda ba a san bakin da ya sha ta ba, bai kamata a ɗauraye ta da ruwa ɗaya a cika ta da kunu a sayar wa yaran makaranta ba. Sai dai tun ina tsaye a ɗakin nan na lura cewa kwalabensa ma ba sababbi ba ne. Kamfanonin giya na Jamus suna sake cika kwalba ɗaya har kusan sau 50, kuma za ka ga farin zobe a jikinta inda ta goga da 'yan uwanta a injin wanki. Idan ka sayi abin sha, ana ajiye santi 8 na kuɗin Yuro a kan kwalbar giya, santi 15 a kan mai murfin waya, santi 25 a kan siririyar gorar roba irin tamu, kuma ana mayar maka da kuɗinka idan ka kai su na'urar da ke bakin kanti. To mu ma ai da haka muka tashi. Wa ya manta lokacin da mai shago ba ya barin ka tafi da kwalbar lemo sai ka kawo wata ko ka ajiye kuɗi?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo a ƙarshe. A cikin kowane rukuni da ya ɗura, yakan cika gorar roba guda ɗaya, ya riƙa matsa ta kullum, idan ta yi tauri ya san iska ta taru a sauran kwalaben. Ya nuna mini wannan a matsayin dabarar masana. Ni kuwa ina yaro na ga mai kunun zaki a bakin tasha tana matsa gora da yamma, idan ta kumbura ta ware ta gefe, domin ta san kunun ya fara tsami. Ba ta san sunan yisti ba, amma hannunta ya san aikinsa. Masu dafa burukutu ma sun san shi, shi ya sa suke barinta a buɗaɗɗiyar tukunya suna zuba wa mutane a ƙwarya, ba sa toshe ta a kwalba alhali tana kan tsimuwa.

Saboda haka ban yarda cewa mu mutane ne da ba su san darajar mazubi ba. Mahaifiyata tana da ƙwaryar nono da ba a taɓa zuba wani abu a cikinta ba sai nono, tana kankare ta, ta shanya ta a rana a kife a kan danga, ta rufe da faifai. Randar ruwanmu tana da modarta ita kaɗai, kuma yaron da ya tsoma wani kofi a ciki sai ya sha faɗa. Roba ce ta shigo da arha ta ture waɗannan, ba tare da ta zo da tsarin karɓa da wankewa irin na nan ba, aka bar mace mai jarin dubu biyu ta nemi gora duk inda ta samu.

Daga baya na sayi kwalabe shida masu murfin waya, uwargida ta sake dafa zoɓo, na kai wa dattijon ɗaya. Ya sha ya yaba, har ya tambayi sunan ganyen. A daren na kira ƙanwata a Zariya na tambaye ta ƙwaryar Inna, ta ce tana nan a saman durowa, ta tsage ta gefe ɗaya, an ɗinke ta tun Inna tana da rai. Na roƙe ta kada ta bari kowa ya yar da ita kafin in zo.