Mutum takwas ne suka haifi kakanninka, nawa ka san sunansu?

Kwanakin baya ɗana ya tambaye ni sunan mahaifiyar kakata. Na buɗe baki, na rasa abin faɗi. Sunan mahaifina da na kakana da na uban kakana duk suna kan harshena kamar karatu, amma matar da ta haifi kakata, ta goya ta, ta shayar da ita, ko sunanta ban riƙe ba. Abin ya tsaya mini a rai, ranar da ƙyar na runtsa.

Ku yi lissafin nan tare da ni. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, na samansu 16. In ka hau hawa goma, gurbin mutum 1,024 za ka tarar. A cikin takwas ɗin nan na kusa, uku kaɗai na iya kawowa, kuma dukansu maza ne. Matan huɗu sun ɓace mini gaba ɗaya, alhali su ne suka fi kowa zama da yara, su ne kuma suke riƙe da labarin gida.

Kakata, Allah ya jiƙanta, a ƙauye aka haife ta, a can ta tsufa. Ba ta karatu, ba ta rubutu, ba ta san shekarar haihuwarta ba. Amma ta taɓa gaya mini cewa mahaifiyarta tana yarinya, ta fara zuwa ɗiban ruwa ke nan, aka ga tauraruwa mai wutsiya, mutane suka kwana a waje cikin fargaba. Sai da na girma na gane cewa zancen shekarar 1910 ake yi, lokacin da tauraruwar Halley ta bayyana. Ita wannan tauraruwa kusan duk shekara 76 take dawowa, an sake ganinta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Da wannan 'yar magana guda na iya ƙiyasta cewa an haifi matar wajen 1900. Kun ga tsofaffi suna da kalandarsu, fari da ambaliya da annoba da abin da aka gani a sama. Abin da ke ci mini rai shi ne, a ranar na cika ta da tambayoyi a kan tauraruwa, ban tambayi sunan yarinyar da ta gan ta ba.

Sau ɗaya na yi yunƙurin naɗar muryar kakata. Na ajiye waya a gabanta, sai ta gyara zama, ta kame, ta ce, "Ɗan nan, me zan ce? Ni ban san tarihi ba." A wurinta tarihi na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Na haƙura na mayar da wayar aljihu, na kama mata bakin igiyar da take tufkawa. Hannunta na komawa aiki sai bakinta ya buɗe. Ta faɗi wanda ya haƙa rijiyar bayan gida da shekarar da ta ƙafe, da dalilin da ya sa iyakar gonarmu ta lanƙwasa daidai wata tsohuwar bishiya, da 'yan'uwa biyu da suka yi shekaru ba sa ga maciji, da matar da ta sasanta su. Har magariba tana magana, ni kuwa ban naɗi ko kalma ɗaya ba, ina ganin ai tana nan, zan dawo.

Masanin tarihin nan ɗan ƙasar Beljiyam, Jan Vansina, wanda ya yi aiki da tarihin baka a Kongo, ya lura cewa al'ummar da ke adana tarihinta a ka takan san zamanin kusa dalla-dalla, takan kuma riƙe labarin asali, amma tsakiyar sai ka tarar da giɓi. A da ana cike wani ɓangare na giɓin nan ne domin jika yana kwana ɗaki ɗaya da kakarsa, yana jin labari guda sau ɗari har ya zauna. Yanzu zaman ya watse. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen duniya ne ke birane, wajen 2007 mazauna birni suka zarce na karkara, kuma ana hasashen kashi 68 nan da 2050. Yaron da ke ganin kakarsa kwana uku a shekara gaisuwa kawai zai kwaso.

Akwai kuma laifin da namu ne zalla. Muna son kakan da za mu yi tinƙaho da shi, shugaba ko malami ko jarumi. Wanda yunwa ta koro daga garinsu, ko wanda bashi ya cinye gonarsa, ko wadda ta yi aikatau ta ciyar da marayu biyar, sai mu yi shiru da su har su shafe. Ni a ganina wannan butulci ne. Da wahalar waɗannan mutane muka kawo yau, kuma ɗana yana da haƙƙin ya san su yadda suke, ba tare da an yi musu kwalliya ba.

Jiya na kira gwaggona, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu mahaifina. Na ce, "Gwaggo, yaya sunan kakarku ta wajen uwa?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta faɗi laƙabin da suke kiranta da shi suna yara. Sunan yanka kuwa ta ce in ba ta lokaci, yana nan yana yi mata yawo a ka. Ranar Asabar zan tafi wurinta da littafi da biro, kuma da ɗana za mu je.